Masu bishara daga wata ɗarika suna zuwa gidana duk Asabar, yaya zan amsa musu?

Maman Tagwaye:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ni 'yar Katolika ce, ina zaune a Sabon Tasha, Kaduna. Kusan wata biyu ke nan wasu matasa daga wani cocin Fentikos da ke layinmu suke zuwa gidana duk Asabar da yamma, su biyu ko uku, kowa da Littafi Mai Tsarki a hannu. Yara ne masu ladabi, ba su taɓa yi mini rashin kunya ba, iyayen ɗayarsu ma maƙwabtanmu ne. Amma maganarsu ba ta canzawa: an sake haifuwarki? Don me kuke yi wa Maryamu sujada? Me gumaka suke yi a cocinku? Kuma wai baftismar da aka yi mana muna jarirai wanka ne kawai.

Na san abin da na gaskata, amma da zarar sun buɗe aya sai bakina ya mutu. Abin da ya hana ni barci shi ne 'yata mai shekara 16 ta fara cewa tana so a sake yi mata baftisma a rafi, ta kuma cire rosarinta ta ajiye. Ba na son faɗa da maƙwabta, don ranar da gari ya rikice ba wanda yake tambayar wane coci kake zuwa. In hana su shigowa ne, ko in ci gaba da karɓarsu? In zan karɓe su, me zan ce?

Katikis na Ƙauye:

Salama, Mama. Kada ki rufe musu ƙofa, kada kuma ki bar su su riƙa tafiyar da gidan. Ga yadda ake yi.

Kafin a buɗe kowace aya, ki san wanda ke gabanki. Tambaya uku ta isa. Ta farko, sunan cocinsu da sunan fastonsu, kuma ko faston ya san sun fito. Ta biyu, shin Yesu Allah ne, daidai da Uba? Ta uku, da wane suna suke yin baftisma? In sun ce Yesu Allah ne, kuma suna baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki kamar yadda Matiyu 28:19 ya ce, to 'yan'uwanki ne a wurin Cocin Katolika, ba abokan gaba ba. Taron Vatican na biyu ya faɗi haka a fili a 1964, kuma yana nan a Katekisim, littafin koyarwar Cocin Katolika, sakin layi na 818. Ki faɗa musu wannan da bakinki tun farko: "A wurinmu ku Kirista ne, ni fa, a wurinku Kirista ce?" Amsar da za su bayar ita za ta nuna miki ko hira za a yi ko farauta.

Sai tsarin zaman. Ki ba su kujera da ruwan sha a tsakar gida, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ki ce musu kina da minti talatin. Ki kafa sharaɗi biyu: magana ɗaya tak a kowane zama, kuma ba sa zama da yaranki in ba kya nan. Abin da yake kashe miki baki ba ƙarfin hujjarsu ba ne, tsalle ne. Kina ƙoƙarin amsa ta Maryamu sai a jefo ta gumaka, kafin ki numfasa an koma kan Fada, wato firist ɗinmu, a ƙarshe an yi tambaya goma ba a amsa ko ɗaya ba, ke kuwa sai ki ga kamar an kayar da ke sau goma. In sun yi tsalle ki ce, "Mun ajiye wannan sai mako mai zuwa, mu gama ta yau." Ki riƙe naki Littafin, kuma duk ayar da suka kawo ki roƙe su su karanta biyar kafinta da biyar bayanta. Rabin gardamar a nan take mutuwa. Wadda ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ki rubuta ta a takarda ki kawo wa katikis ko Fada ranar Lahadi. Amsar da aka ƙirƙira don kunya ita ce ake kama mutum da ita daga baya.

Yanzu maganganun nasu.

Sake haihuwa. Za su buɗe Yahaya 3:3. Ki ce su ci gaba zuwa aya ta 5, inda Yesu ya fassara maganarsa da kansa, ya ce haihuwa ce ta ruwa da Ruhu. Cocinmu ya fahimci wannan a kan baftisma, haka ma Titus 3:5 da ya yi zancen wankan sake haihuwa. Saboda haka amsarki "i" ce, ba "ni 'yar Katolika ce" ba. Amma kada ki tsaya a kan ranar da aka zuba miki ruwa. Ki ƙara da cewa yau ɗin nan Yesu ne Ubangijinki da Mai Cetonki, a gare shi kika dogara. Wannan koyarwarmu ce, ba aro kika yi ba.

Baftismar jarirai. A nan ne 'yarki take, don haka ki riƙe shi da kyau. Ayyukan Manzanni 2:38-39: Bitrus ya ce a tuba a yi baftisma, ya kuma ce alkawarin naku ne da na 'ya'yanku. An yi wa Lidiya baftisma da mutanen gidanta (16:15), haka mai tsaron kurkuku a Filibi da dukan nasa (16:33), haka gidan Istifanas (1 Korantiyawa 1:16). Bulus ya haɗa baftisma da kaciya a Kolosiyawa 2:11-12, kaciya kuwa ranar takwas ake yi wa yaro (Farawa 17:12), ba a jiran ya yi wayo kafin ya shiga alkawari. Ga inda mutanenmu suke zamewa: sai su ce Littafi ya faɗa ƙarara cewa akwai jarirai a gidajen nan. Bai faɗa ba, kuma yaran nan sun sani. Abin da za ki ce shi ne ba a ware kowa ba da aka ce dukan gida, kuma babu aya ɗaya da ta hana, ko ta nuna ɗan masu bi yana jira har ya girma. Sannan Afisawa 4:5, Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. Ki kuma tambaye su ko 'yan Anglican da 'yan Lutheran na Numan Kirista ne, don su ma suna yi wa jarirai baftisma.

Maryamu. Yawancin rikicin nan a kalma yake. A Hausa roƙo daban, girmamawa daban, sujada da bauta daban. Sujada da bauta na Allah ne shi kaɗai, Katekisim 971 ya raba su sarai. Kada ki yarda da tambayar yadda aka gina ta, ki ce "ba ma yi mata sujada" tukuna, sannan ki karanto musu addu'ar "A gaishe ki Maryamu" a hankali. Rabin farko gaisuwar mala'ika ce a Luka 1:28 da ta Alisabatu a 1:42. Rabin ƙarshe cewa muke ta yi addu'a dominmu masu zunubi. Wanda ake roƙo ya yi addu'a ai ba shi ne Allah ba. Za su kawo 1 Timoti 2:5, matsakanci ɗaya ne, Yesu Almasihu. Ki amince da ayar ɗari bisa ɗari, sannan ki ce su koma aya ta 1 ta wannan babin, inda Bulus ya umarta a yi roƙo domin dukan mutane. In roƙon ɗan'uwa domin ɗan'uwa bai rage matsayin Yesu ba, to tambayar da ta rage ita ce ko waɗanda suke tare da Ubangiji suna iya yi mana addu'a. Mu mun ce i, su sun ce Littafi bai koya mana mu nemi haka ba. Wannan shi ne ainihin bambancin, kuma ya fi "kuna bautar mace" ƙanƙanta nesa. Kalmar "Uwar Allah" kuma taron Afisa na shekara ta 431 ne ya tabbatar da ita don kare cewa wanda ta haifa Allah ne na gaskiya. Alisabatu ma "uwar Ubangijina" ta kira ta a Luka 1:43.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci, Mama: wasu namu ne suke ba su hujja. Wanda ya rataya rosari kamar laya bai taɓa yin addu'a da shi ba, ko wanda yake magana kamar Maryamu ce mai ceto, ya kauce wa koyarwar cocinsa. In suka kawo irin wannan misali kada ki kare shi, ki ce kuskure ne.

Siffofi kuwa gajere ne. Fitowa 20:4-5 ya hana a yi siffa a rusuna mata a bauta mata. Allah ɗin nan ya sa aka ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan akwatin alkawari (Fitowa 25:18-20) da macijin tagulla (Ƙidaya 21:8-9). Da mutane suka fara ƙona wa macijin turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Iyakar a nan take, kuma mu ma ta ɗaure mu. Ta kiran Fada "uba": Matiyu 23:9 suke kawowa, ki nuna 1 Korantiyawa 4:15 inda Bulus ya kira kansa ubansu ta wurin bishara.

Abu na ƙarshe da zai hana ki wahalar banza. Littafinmu yana da littattafai 73, nasu 66. Bakwai ɗin da namu ya fi nasu da su su ne Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa na ɗaya da na biyu. In maganar addu'a domin matattu ta taso kika buɗe 2 Makabiyawa babi na 12, za su ce ba ya cikin nasu, zancen ya tsaya. Ki yi hujja da su daga 66 da kuka yarda da su tare, ki bar zancen yawan littattafai ya zama zama guda mai zaman kansa.

Dattijon ECWA:

Salama, 'yar'uwa. Ni daga ɗaya gefen nake, bari in faɗa miki abin da ke cikin kan mai bisharar, don Baba katikis ya ba ki amsoshi amma bai faɗa miki abin da yaran suke nema ba.

Wanda aka koya wa fita bishara, ko a ƙungiyar bishara ta Sabon Rai ne ko a cocin Fentikos, hanyarsa kusan ɗaya ce. Romawa 3:23, kowa ya yi zunubi. Romawa 6:23, hakkin zunubi mutuwa ne. Romawa 5:8, Almasihu ya mutu dominmu. Romawa 10:9-10, ka shaida da baki ka gaskata a zuciya. Sai a rufe da addu'ar karɓar Yesu. Abin da kunnensa yake jira shi ne ya ji a kan me kika dogara. In ya tambaya kika ce "ina zuwa Mas kullum, ina cikin Zumuntar Mata, an yi mini baftisma," abin da ya ji shi ne kin dogara ga ayyukanki, sai ya rubuta sunanki cikin waɗanda za a koma wa. Ba taurin kai ya sa suke dawowa duk Asabar ba, a ganinsu ranki yana cikin haɗari, kuma da ƙauna suke zuwa. In kuwa kika ce, "Ni mai zunubi ce, Yesu ya mutu ya tashi domina, alherinsa ne ya cece ni, kuma ina ƙoƙarin yi masa biyayya," mai bishara na gaskiya zai ce amin, aikinsa a gidanki ya ƙare. Ki shirya wannan shaidar, jimla uku ko huɗu da kalmominki, kada ta wuce minti ɗaya. Ta fi aya ashirin aiki.

Kuma ba yaudara ba ce. A ranar 31 ga Oktoba 1999 a Augsburg ta ƙasar Jamus, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya sun sa hannu a kan cewa ceto ta wurin alheri ne cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, kuma Ruhu ne yake kiranmu ga ayyuka nagari. Afisawa 2:8-9 da muke yawan karantawa tana da aya ta 10 a bayanta, mu ma ya kamata mu riƙa karantawa har can.

A kan baftisma ba zan ɓoye miki ba, ban yarda da Baba katikis ba. Mu muna miƙa jarirai ga Ubangiji, baftisma kuwa sai mutum ya ba da gaskiya da kansa, ya yi ajin baftisma, dattawa sun gwada shi, sannan a nutsar da shi. Hujjarmu tsarin da muke gani a Ayyukan Manzanni, a ji a gaskata sannan a yi baftisma (2:41, 8:12), da Romawa 6:4 da ya kwatanta ta da binnewa. Amma ki lura da abu ɗaya da zai taimake ki: a koyarwarmu baftisma ba ita ce take ceto ba, shaida ce. Saboda haka duk wanda ya ce wa 'yarki za ta hallaka in ba a nutsar da ita ba, ya saɓa wa koyarwar yawancin cocin da suke nutsarwa. Ki tambaye su kai tsaye, "Ruwa ne yake ceto ko Yesu?" Za su ce Yesu. To gaggawar ta mece ce?

In suka ce alamar samun Ruhu ita ce magana da harsuna, 1 Korantiyawa 12:29-30 ta tambaya ko duka ne suke magana da harsuna, amsar kuwa a'a ce.

Akwai kuma layin da bai kamata su ƙetare ba, kuma kina da iko ki tsaya a kai. Yarinya mai shekara 16 tana ƙarƙashin iyayenta. Ikilisiya mai tsari ba ta yi wa irinta baftisma a ɓoye, ba ta karɓar lambar wayarta a bayan uwarta, ba ta koya mata raina gida. Bulus ya ce burinsa ya yi bishara inda ba a san Almasihu ba, don kada ya yi gini a kan harsashin wani (Romawa 15:20). Ɗebo tumaki daga wannan garke zuwa wancan ba ya ƙara ko ɗaya a mulkin Allah. In kin ga sun ƙetare, kada ki yi faɗa da yaran. Ki je wurin fastonsu da rana, tare da maigidanki ko wani dattijo, ki gaishe shi, ki ce kina maraba da addu'a amma ba ki yarda a zauna da 'yarki ba tare da ke ba. Yawancin fastoci za su ja kunnen yaransu. In bai ji ba, sai Fada ya yi masa magana, ko a kai ga shugabannin CAN, Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, na yankinku, tunda Katolika da 'yan Fentikos da mu duka muna cikinta.

Malamin Makarantar Lahadi:

Ƙari kaɗan a kan tambayoyi ukun Baba katikis, don ba kowane mai ƙwanƙwasa ƙofa ake amsa wa iri ɗaya ba.

Shaidun Jehobah ba su yarda Yesu Allah Maɗaukaki ba ne, ba su yarda da Triniti ba (wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki), kuma suna da fassarar Littafi tasu wadda ta bambanta a wurare kamar Yahaya 1:1. Da su zancen Maryamu ko siffofi ɓata lokaci ne, magana ɗaya ce: wane ne Yesu. Yahaya 20:28 da Kolosiyawa 2:9, daga naki Littafin. Karɓar mujallarsu a wurinsu alama ce ta a sake ziyara. In ba kya so ki faɗa a fili cikin ladabi cewa kada a dawo, galibi suna kiyayewa.

'Yan Adventist sun yarda da Triniti, nasu zancen ranar Asabar ne. Ayyukan Manzanni 20:7, 1 Korantiyawa 16:2, Kolosiyawa 2:16 da Romawa 14:5 su ne wuraren dubawa.

Akwai kuma waɗanda suke baftisma "cikin sunan Yesu kaɗai" don sun ƙi Triniti. Daga waje kamar sauran 'yan Fentikos suke, tambaya ta uku ce take fito da su.

Waɗanda za ki sallama nan take ko daga wane coci suke: mai cewa ya ga wahayi akwai maita ko la'ana a gidanki sai an kawo kuɗin shuka, mai cewa a daina shan magani, mai cewa yarinya ta ɓoye wa iyayenta, da mai nuna wata tsohuwa a dangi ya ce ita ce ta ɗaure ku. Wannan ba bambancin ɗarika ba ne, gidaje ake rushewa da shi.

Uwar Zumunta:

'Yar'uwata, maza sun yi ta aya, ni zancen yarinyar zan yi, don ita ce maganar.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Yarinya a wannan shekarun ba hujjar Kolosiyawa ce take janta ba. Ta ga sa'o'inta suna riƙe da Littafi suna magana da gaba gaɗi, sun san sunanta, suna tambayar lafiyarta, suna addu'a da bakinsu ba daga takarda ba. Tana so ta zaɓi Yesu da kanta, ba a zaɓa mata ba. Wannan buri mai kyau ne, kada ki kashe shi. In kika yi mata tsawa ko kika ƙwace wayarta, kin tabbatar mata da abin da aka riga aka faɗa mata, cewa za a tsananta mata saboda gaskiya, sai ta ƙara riƙewa.

Ki zaunar da ita ku biyu, ba gaban ƙannenta ba, ki tambaye ta me ta ji a wurinsu da ba ta taɓa ji a cocinmu ba. Ki bar ta ta gama kafin ki ce uffan. Kada ki tilasta mata mayar da rosari, ba shi ne sharaɗin zama 'yar Katolika ba, kuma rosarin dole ba ya zama addu'a. Ki saya mata Littafi nata na kanta, ku riƙa karanta babi ɗaya tare kowane dare. Bisharar Luka babi 24 gare ta, cikin wata ɗaya kun gama har da ranakun da kuka fasa, kuma a cikinta za ta ga Maryamu da idonta ba sai an gaya mata ba.

Ki ciro katin baftismarta ki nuna mata ranar, da cocin, da sunan uwar baftismarta. In uwar baftismar tana kusa, ki kira ta, aikinta ne wannan. In ba a yi wa yarinyar konfameshan ba, ki sa ta a aji yanzu, don a nan ne za ta tsaya gaban Bishop ta amsa alkawaran baftisma da bakinta. In an riga an yi, ki nuna mata cewa kowace shekara a daren Ista dukanmu muna sabunta waɗannan alkawaran, muna ƙin Shaiɗan muna shaida bangaskiya. Abin da take nema a rafi yana cikin gidanta. In kuma waƙa da addu'a mai zafi ne suka ja ta, kusan kowace babbar majami'ar Katolika tana da ƙungiyar Karismatik da ta matasa. Ki raka ta da kanki ranar farko.

Kuma kada ki zagi yaran nan a gabanta. Mu ma 'yan Rundunar Maryamu bibbiyu suke fita ziyarar gidaje kowane mako, yadda muke so a karɓi namu haka za mu karɓi na wasu.

Maman Tagwaye:

Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Baba dattijo, maganarka ta shige ni, don "ina zuwa Mas" ɗin nan ita ce amsar da nake ba su kullum. Saura tambaya biyu, Baba katikis. Sun gayyace ta addu'ar dare ranar Juma'a, in bar ta ta je? Kuma in ta je aka yi mata baftismar a ɓoye, ta fita daga coci ke nan?

Katikis na Ƙauye:

Yin addu'a tare da sauran Kirista ba laifi ba ne, coci ma yana ƙarfafa shi, shi ya sa ake makon addu'ar haɗin kan Kirista daga 18 zuwa 25 ga Janairu kowace shekara. Iyaka biyu ne: ba ta cin jibin Ubangiji a can, kuma zuwa can ba ya maye gurbin Mas na Lahadi. Amma addu'ar dare ga yarinya mai shekara 16 ita kaɗai, a'a, ko ta cocinmu ce. Irin wannan taro yakan kai asuba, kuma kiran fitowa gaba yakan zo ne bayan tsakar dare lokacin da jiki ya gaji, ga kiɗa, ga idon ƙawaye. Ba lokacin yanke shawara ba ne. Ki ce mata za ku je sujadarsu ta rana tare sau ɗaya, ku zauna har ƙarshe, in kun dawo ku tattauna abin da aka yi wa'azi a kai da Littafi a buɗe. In sun ƙi ki zo tare da ita, kin sami amsarki game da su.

Ta biyun kuma, hankalinki ya kwanta. Baftisma hatimi ce da ba ta gogewa kuma ba a maimaita ta (Katekisim 1272). In an nutsar da ita, ta farkon tana nan daram, ta biyun ba ta ƙara kome ba, ba ta kuma soke kome ba. Sunanta yana nan a rajistar baftisma ta majami'ar da aka yi mata. Ranar da ta so komawa cin jibi ba za a yi mata ta uku ba, za ta ga Fada ne ta furta a ikirari, shi zai duba ko akwai buƙatar ɗan koyarwa kafin nan. Kada ki kore ta daga gida, kada ki hana ta abinci ko kuɗin makaranta, kada kuma ki sanar a Zumunta kafin ki sanar da Fada.

Tun kafin a kai nan, ki nemi alkawari ɗaya a wurinta: ba za ta yi kome a ɓoye ba, kuma za ta ba ki wata uku. Cikin wata ukun ta rubuta duk tambayoyinta a littafi guda, ta zauna da Fada ko katikis sau uku aƙalla, ke kuma ki yi alkawarin ba za ki hana ta tambayar kowa ba. Ki je ofishin majami'a cikin makon nan ki karɓi ranar zaman farko kafin Asabar ta zagayo, kuma in yaran sun zo ki fara da shaidar da Baba dattijo ya ce ki shirya, a gaban 'yarki.